Bodari a Ƙarƙashin Ɗakin Delfina

Bodarin ya fito ne bayan rana ta faɗa bayan dutse, sauran ɗan jan haske a kan itatuwan tuffa. Eliseo yana zaune a kan kututture a bayan gida, kofi ya huce a hannunsa. Baƙin kai ne ya fara leƙowa daga wani rami a gindin bango, sai fararen layuka biyu a gadon baya, sai jela kamar tsintsiyar da ɗaurinta ya kwance. Ko kallon mai gidan bai yi ba. Ya bi gefen magudanar ruwa yana rangwaɗa, ya shige ciyawa.

Eliseo bai bi shi da ido ba. Ramin yake kallo, don bangon na ɗakin Delfina ne.

Delfina matarsa ce. Ta rasu a tsakiyar sanyi, lokacin da ƙanƙara ta toshe hanyar Taos, sai da maza suka hura wuta a kan daskararriyar ƙasa kafin kabari ya haƙu. Da jama'a suka watse, ya shiga ɗan ɗakin da take ɗinki don ya ɗauko wani abu, ya ma manta ko mene ne, sai ya tarar da ƙanshinta yana nan bai ji labari ba. Man keken ɗinki, sabulun da take dafawa da kanta, na'a-na'ar da ta rataye a jikin azara, hayaƙin itacen pinyon da ya kama rigunanta, da na fatar wuyanta in ta sunkuyo zuba masa abinci. Ya fito da baya ya ja ƙofa. Ya cusa tsummoki a ƙasanta, ya zagaya waje ya liƙe gefen taga da laka.

Tun daga ranar, kullum da safe, kafin ya hura murhu, kafin kofi ya ɓata masa hanci, sai ya buɗe ƙofar daidai faɗin fuskarsa, ya ja numfashi ɗaya, ya rufe. Ba ya ƙarawa. Ya san abin raguwa yake, shi ya sa yake tattalinsa kamar ragowar ruwa a gora. Bai faɗa wa kowa ba.

Daɓen ɗakin kuwa katako ne, tsoho, mai tsage-tsagen da allura kan faɗa ta ɓace. Duk wanda ya tashi a kwarin nan ya san abin da bodari ke yi in ya tsorata. An ga abin da warinsa ya yi wa gidan maƙwabta, su Baca. Sun ƙone katifu, sun kankare bango, amma har yau in hadari ya haɗu sai gidan ya tuna. Tsoro ɗaya a ƙarƙashin katakon nan, an sake binne Delfina ke nan.

Da safe sai ga maƙwabcinsa Meliton ya tsallako magudana, karensa a gaba.

"Kompadre! Ka mutu ne, ko kana shiri?"

"Ɗaure karenka."

"Janar? Janar da ya fi ka ladabi?"

"Can jikin shinge. Ina da baƙo."

Meliton ne ya riƙe 'yar Eliseo ranar da aka yi mata baftisma, tun daga nan ba su ƙara kiran juna da suna ba, sai kompadre. Gajere ne mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa ko a coci. Ya ɗaure karen yana mita, ya zo ya tsuguna a gaban ramin, ya shinshina.

"Kai! Ai wannan bod..."

"Kar ka kira sunan."

"Au?"

"Delfina ta ce ba a kiran sunansa a kusa da gida, haushi yake ji. Kompadre ake ce masa."

Meliton ya miƙe ya dafe ƙirji.

"Kompadre? To ni fa? Na tsaya a gaban fadan coci da takalmi yana cizona, 'yarka ta jiƙa mini riga har ciki, yau kuma an haɗa ni matsayi ɗaya da mai tusa?"

"Shi ba ya yi sai an tsokane shi."

Meliton ya yi dariya har da tari. Ya share ido da bayan hannu.

"To bari in ɗauko bindiga. Da yamma yana leƙowa, tau, an gama."

"In ya mutu duk warin yake saki."

"Ba in ka same shi a ka ba."

"Kai da ka harbi zomo ka samu tayar motarka?"

"Tayar ce ta motsa." Ya sosa ƙeya. "To sai rediyo. Surukina na garin Mora haka ya yi. Ka tura masa ita can ciki, ka murɗo tashar masu surutu, ka bar ta dare da rana. Ba ya son maganar mutane, irinka ne. Da kansa zai tattara ya bar maka gidanka."

Eliseo ya jira har baƙon ya fita kiwonsa na yamma. Ya ɗauko ƙaramar rediyon da ke kan tebur, ya sa mata sabon batir, ya kunna, ya tura ta cikin ramin da ƙotar fartanya har iyakar tsawonta. Ya wanke hannu ya shiga kicin zai ɗumama wake.

Cokali na hannunsa ya tsaya.

Magana ce ke fitowa daga bayan rufaffiyar ƙofa, ƙasa-ƙasa, ba ta rarrabuwa sosai. Haka take fitowa a da, in Delfina ta ɗauke rediyon ta shige ɗinki. Mai magana yana karanto waɗanda suka rasu a kwarin, da wanda ɗan maraƙinsa ya ɓata, da rawar da za a yi ranar Asabar. Sai aka sako jita da goge. Eliseo ya juya kujerarsa ta fuskanci ƙofar. Waken ya kama a tukunya, bai ji ba sai da hayaƙi ya tashi.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da iyaka tsakaninsu. Yakan buɗe wa gonar barkono ruwa ya dawo da sauri, kamar wanda ya bar mara lafiya a gida. Yakan ci abinci yana fuskantar ƙofa. Wani lokaci a ƙarƙashin kiɗan sai ya ji ƙaras-ƙaras, ya san farce ne a jikin ƙasa, amma in ya lumshe ido almakashi ne a jikin yadi. Da rana barci yakan ɗauke shi a kujerar. Sai ya ga daɓen ɗakin ya zama ruwa garai-garai, a ƙarƙashinsa ga kwarin gaba ɗaya ya ƙanƙance, ga coci kamar akwatin ashana, ga hanya kamar zare. Delfina tana tafe a kan zaren, sanye da baƙin mayafinta, fararen kitsonta biyu sun sauka a gadon baya. Tana rangwaɗa, ba ta sauri. Kullum baya take ba shi. A cikin mafarkin yakan rasa abin yi, ya kira ta ne ko ya ja da baya a hankali.

Baƙon kuwa bai tattara komai ba. Da yamma ya fito, da asuba ya koma, har wani sheƙi ya ƙara. Eliseo ya daina ɓuya. Yakan zauna a kututturensa ya jira.

"Barka da yamma, kompadre," yakan ce a hankali. "Ruwa ya yi ƙasa yau. Tuffa dai ta yi fure, in sanyi bai dawo ba za a ci."

Bodarin yakan ɗan tsaya, ya ɗaga hanci, ya wuce.

Ranar Lahadi Eufemia ta zo daga coci da tukunyar nama da jan barkono naɗe a tawul. Yayarsa ce, doguwa busasshiya, ita kaɗai ta rage a duniya mai kiransa Ceyo. Ta ajiye tukunyar, ta buɗe baki za ta fara faɗan ƙurar da ke kan tebur, sai ta ji wata mace tana waƙa a bayan ƙofa. Ta yi alamar gicciye da sauri.

"Maryamu Uwa! Ceyo, wa ke ciki?"

"Ba kowa, Yaya. Daga ƙasa ne."

"Daga ƙasa!"

Sai da ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Ta saurara leɓenta a tsuke.

"Shawarar Meliton ce wannan, ko ba a faɗa ba. Mutumin da ya taɓa ba jaki kofi don ya yi sauri." Ta tashi ta nufi ƙofar. "Ɗakin nan ma ya isa a buɗe shi ya sha iska. Ga kaya jibge, ga mata a coci ba su da na sanyi..."

Kafin hannunta ya kai mariƙin ya riga ta tsayawa a wurin.

"Kar ki taɓa, Yaya."

Ta dube shi, ta dubi tsummokin da ke ƙasan ƙofa, ta sake dubansa. Rabon da ta ga wannan fuskar tun yana yaro, ranar da aka sayar da ɗan akuyarsa. Ta janye hannu ta goge a zani.

"Ina rariyarka?"

"Me za ki yi?"

"Abin da uwarmu take yi. Ɗebo mini garin alkama."

Suka zagaya baya. Ta sunkuya da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta tankaɗe garin a bakin ramin har ƙasar ta yi fari sumul.

"In rana ta faɗi ka zo ka duba. Ka ga sawu ya fita bai koma ba, ka toshe. Shi ke nan. Ba kiɗa, ba bindiga, ba hauka. Kuma ka ci naman nan, ka zama kamar sandar shinge."

Da yamma bai zauna a kututturen ba, kunya yake ji. Sai da haske ya kusa ƙarewa ya zagayo. Ga sawun a kan gari, 'yan yatsu biyar-biyar, kamar jariri ya dafa ƙullun burodi. Duk sun fuskanci magudana. Ya gangaro da wani faffaɗan dutse daga gindin shinge, ya toshe ramin, ya kwaɓa laka ya liƙe gefe da gefe, ya daddanna da tafin hannu. Rediyon tana ciki tana magana. Ya ce wa kansa mantawa ya yi.

Gari na wayewa ya zo bakin ƙofa kamar kullum. Bai kai ga buɗewa ba ya ji. Muryar mai rediyo ta yi rauni, batir ya fara mutuwa, a ƙarƙashinta kuma ga wani siririn sauti, tsiu-tsiu, kamar 'yan tsaki a cikin kwando. Ba murya ɗaya ba ce.

Ya fita ba takalmi.

Bodarin yana bakin dutsen yana haƙa. Garin alkamar ya watse, laka ta kankaru, amma ƙasar gindin bango dutse ce a wurin, faratan gaba har sun yi jini. Da ya miƙe a kan ƙafafun baya yana laluben saman dutsen, Eliseo ya ga cikinsa, ya ga nonuwa jere sun cika.

Ashe mace ce. Ba kompadre ba, komadre.

Lokacin furen tuffa ne. Ko yaron da bai fara makaranta ba ya san a lokacin suke haihuwa. Shi ma ya sani, Eufemia ma ta sani, sunan ne ya rufe musu ido.

Ya matsa a hankali, hannu a gaba, don ya janye dutsen. Ta juyo. Ta buga ƙafafun gaba a ƙasa, dif-dif, jela ta miƙe sama ta baje, jikinta ya lanƙwashe har kai da gindi suka dube shi tare. Tagar Delfina tana samanta daidai. Ya koma da baya, ƙafa bayan ƙafa, har ya jingina da itacen tuffa. Ta koma haƙarta.

Ya ƙwala wa Meliton kira ta saman magudana, ya ce ya zo ban da kare.

Suka tsaya daga nesa suna kallonta. Yau Meliton bai yi dariya ba.

"Ka rufe mata 'ya'ya, kompadre."

"Na gani."

"Ka jefe ta ta gudu, ta fesa. Ka matsa, ta fesa. In harbe ta, ta fesa." Ya lissafa a yatsu ya ƙare. "Abu mai sauƙi, ka shiga ɗakin ka ɗaga katako ɗaya, ka tura dutsen daga ciki da sanda. Ba ta gan ka ba balle ta ji haushi."

"Ba a buɗe ɗakin."

"Don me?"

Eliseo ya kawar da kai. Meliton ya jira, abin da bai saba ba, sannan ya ɗaga kafaɗa.

"To ka bar ta. Ba za ta gusa ba sai sun yi shiru. In sun yi shiru ta tafi, mu jawo su da ƙugiya kafin su fara wari. Ɗakinka lafiya lau. Ba ka yi asarar komai ba sai rediyo."

"Har yaushe?"

"Ƙanana ne, ba nono, ba ɗumi. Ba za su daɗe ba."

Eliseo ya koma kicin ya zauna a kujerarsa. Bai hura murhu ba. Rana ta hau, ta shigo ta taga, ta kwanta a kan tebur. Mai rediyo yana karanto sunayen matattu, muryarsa tana nisa kamar mai tafiya yana waiwaye, ta zama raɗa, ta zama huci, ta ɗauke. Sai kukan ya rage shi kaɗai, da ƙaras-ƙaras ɗin uwar daga waje. Ya toshe kunne da tafin hannu, ya ji shi a cikin kansa. Ya saki. Ya ga kamar muryoyin sun ragu da ɗaya, ko kuwa gajiya suka yi, bai sani ba.

Ya tashi ya janye tsummokin da ƙafa. Ya buɗe ƙofar daidai faɗin fuska, ya ja numfashi.

Tana nan. Man keke, sabulu, na'a-na'a, wuyanta. Ya riƙe numfashin har ƙirjinsa ya yi zafi. Ya saki, ya ja na biyu, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya tura ƙofar har ta bugi bango.

Komai yana inda ta bar shi. Hannun wata riga yana ƙarƙashin allura, an ɗinke rabi. Tabaronta yana kan taga. Ya jawo keken ɗinkin gefe, ƙafafun ƙarfen suka yi kuka a kan katako. Ya ɗauko ƙarfen cire ƙusa ya durƙusa a gindin bango. Ƙusoshin sun yi tsatsa, kowace sai ta yi ƙara kafin ta saki. Gumi ya keto masa.

A tsakiyar aikin ya lura ba ya jin komai. Ya ɗaga kai ya shinshina. Babu. Katako bai ɗagu ba tukuna, ba abin da ya shigo, hancinsa ne kawai ya saba. Ya tsaya da ƙarfe a hannu. Duk shekarun da suka yi tare bai taɓa cewa ɗakin nan yana ƙanshi ba, don a ciki yake. Sai da ya zama mai leƙe daga bakin ƙofa ya fara ji.

Ya danna ƙarfen. Katakon ya ɗago.

Wata iska mai sanyi ta taso daga ƙasa ta shafi fuskarsa, ta wuce shi ta cika ɗakin. Danshi, tsohuwar ƙasa, da tsamin jikin dabba mai kama maƙogwaro. Ya ji ta tana shiga rigunan da ke rataye. Bai waiwaya ba.

Ga su nan dab da rediyon, sun dunƙule wuri ɗaya. Kowane bai fi babban yatsa biyu ba, ido a rufe, fatar har ta zana fari da baƙi tun gashi bai fito sosai ba. Uwar ta yi musu shimfiɗa da busasshiyar ciyawa, da zare, da 'yan ƙyallaye masu launi da suka yi shekaru suna faɗawa ta tsaga. Ya gane shuɗin rigar da 'yarsu ta sa ranar gama makaranta.

Ya kwanta rub-da-ciki, ya zura ƙotar fartanya har ta taɓa dutsen.

"Hagu kaɗan!" Meliton yana ihu daga can gindin tuffa, ko ganin sandar ba ya yi. "A hankali! Ta ɗaga jela! Ta sauke! Ta sake ɗagawa, wayyo Allah!"

"Yi shiru, kompadre."

"Da wanne kake?"

Laka ta tsage. Dutsen ya karkata, ya faɗi waje da taushi a kan ƙasa. Haske ya shigo ƙarƙashin ɗakin, dogo, ƙura tana iyo a cikinsa. Sai hasken ya toshe.

Ta shigo da gudu, ta tsaya cak. Kansa yana rataye ta ramin katako, tsakanin fuskarsa da tata bai fi kamu ɗaya ba. Idanunta ƙanana ne baƙaƙe, hancinta ya yi fari da gari. Ta buga ƙafa. Jelarta ta tashi ta taɓa katakon da ke sama.

Bai janye ba. Ya san in ya zabura an gama.

"Barka da rana, komadre," ya ce, da muryar da yake gaishe ta da yamma. "Ni ne. Kuskure na yi. Ban san kina da iyali ba. Ga su nan, ban taɓa ko ɗaya ba."

Ta sake buga ƙafa, amma ba ƙarfi. 'Ya'yan sun ji ƙanshinta, kukansu ya tashi gaba ɗaya. Ta dube shi, ta dube su. Jelar ta sauko kaɗan-kaɗan kamar hayaƙin da iska ta daina turawa. Ta bi su da hanci ɗaya bayan ɗaya, ta lashe wanda ya fi lafewa har ya motsa, ta kama shi a ƙeya ta fita.

Ta dawo ta ɗauki wani. Ta sake dawowa. Jini ya taru a kan Eliseo, hannunsa ya mutu, bai motsa ba. Yana jin Meliton daga nesa yana ba itatuwa labari, ta bi magudana, ta shiga tsohon rumbun su Baca, ai sun saba. Da ta zo ɗaukar na ƙarshe ba ta ko dubi inda yake ba.

Ya daɗe a kwance bayan ta tafi. Sannan ya tashi, ya ja ƙofar ɗakin ya rufe, ya fita. Ya wanke fuska da hanci a magudana. Ya tsaya cikin iska har ya fara jin ƙanshin furen tuffa da na jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ya dawo kicin, ya tsaya inda yake tsayawa, ya buɗe ƙofar daidai faɗin fuska, ya ja numfashi.

Ƙasa. Tsatsa. Bodari.

Ya sake ja. Ya rufe ido ya sake. Haka dai.

Bai ji shigowar Meliton ba sai da ya yi gyaran murya a bayansa. Hularsa na hannu. Ya dubi tsummokin da ke yashe, ya dubi yadda Eliseo ya cusa fuska a ƙofa.

"Abin da kake ajiya ke nan a ciki?"

Eliseo ya saki ƙofar ta buɗe da kanta.

"Ya tafi."

Meliton ya matso ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ɗaga hanci, ya ja iska da ƙarfi har tumbinsa ya tashi.

"Wa ya ce? Ni ina ji. Hancinka ne ya tsufa."

"Ƙarya kake."

"Wallahi kamar yanzu ta fita. Ga komadrenka a sama-sama, ban musa ba. Amma a ƙasa ga sabulun nan nata mai cin hannu. Ga kuma tabar."

"Wace taba?"

Meliton ya dafe baki.

"Kompadre, wace taba?"

"Kai, ni da bakina." Ya juya hula a hannu. "Wadda take sha mana. Ita da matata. Su zauna nan bakin taga, su buɗe kaɗan, kana can gona. Kowa ya sani, har fada."

"Delfina ba ta shan taba."

"To."

Eliseo ya dube shi da kyau. Fuskar Meliton ɗaya ce in yana ƙarya da in yana gaskiya, tun suna yara haka take. Ya shiga ɗakin, ya tsallake ramin katako, ya zauna a kan kujerar ɗinkin. Ta yi masa gajarta, gwiwoyinsa suka taso.

"A nan?"

"Matsa kaɗan wajen taga. Yawwa. Ƙafa ɗaya a kan ɗaya, kamar matar gwamna."

"Kana da ita a aljihu?"

"Kai da kake tari in ka ga hotonta a kwali?"

"Kunna."

Meliton ya zaro takarda da 'yar jaka, ya naɗa, ya lasa, ya ƙyasta ashana a jikin ƙofa. Hayaƙin ya miƙe shuɗi-shuɗi, ya bi hasken da ke shigowa, ya ratsa tsakanin rigunan, ya tsaya yana lilo a saman ramin. Eliseo ya ɗora hannuwa a gwiwa ya lumshe ido. Ya yi tari sau ɗaya. Bai ce a kashe ba.

"Me kuma ban sani ba?" ya ce, idonsa a rufe.

Meliton ya zauna a ƙasa da nishi, ya zura ƙafafunsa cikin ramin katako.

"Kai, kompadre. Ɗora kofi tukuna. Matar nan ba a gama ta a tsaye."